Awara, zoɓo da kanwa: yadda ɗalibaina ke zaɓar abin da za su bincika

Akwai wani abu da ake kira furojet a makarantun kuɗi na garin nan namu na Kano, wanda in ka bi diddigi za ka tarar ba yaro ne ke yin sa ba. Malami zai ce kowa ya kawo gidan kwali mai fitila a ciki, ko fanka mai batir, ko taswirar Najeriya da aka manna wa shinkafa da wake. Uwa ta hana idonta barci, uba ya biya ta wajen kafinta ko mai gyaran rediyo, ran Litinin a ɗauko abu a adaidaita sahu ana kaffa-kaffa da shi. A ɗau hoto, a tura zauren iyaye na WhatsApp, a ba da maki. Ɗan ƙanwata ya cinye makin irin wannan aikin kaf, alhali ranar da ake haɗa shi yana gidan kakarsa a Gwale. Mu ma da muka yi firamaren gwamnati mun san ɗan'uwansa: aikin hannu, wanda ya fara da saƙa faifai da igiya, ya koma sayo tsintsiya a kasuwa, daga ƙarshe ya koma kawo kuɗin tsintsiyar.

Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin birni. Ajin da nake koyarwa, aji biyu, in kowa ta zo sukan haura tamanin, wasu a benci wasu a ƙasa. Ɗakin gwaje-gwaje babu. Akwai dai kabad a ofishin shugabar makaranta mai ɗauke da 'yan kwalabe, da gilashin ƙara girma, da ma'aunin zafi ƙwaya ɗaya. Duk da haka, a zango na biyu nakan ware wasu makonni yara su yi aikin bincike, kuma su ke zaɓar abin da za su bincika. Abokan aiki sun sha tambayata yadda hakan ke yiwuwa a irin ajinmu, wasu da son sani, wasu da sigar zolaya.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: zaɓin da 'yar mai awara ba za ta iya ɗauka ba, ba zaɓi ba ne. In na ce kowa ta zaɓi abin da take so, sannan ya zamana abu mai kyau sai mai kuɗin kwali da fenti da data, to na zaɓa wa masu hali ne, sauran na bar musu kallo. Saboda haka ba a kashe ko sisi. Ba a zuwa inda sai an hau mota. Ba a dogara da waya mai intanet. Tambayar da za a bincika dole ta fito daga cikin gida, ko lungu, ko sana'ar wani na gida. Wadda ta kawo mini abin da na ga alamar hannun kafinta a jikinsa, sai ta mayar.

Abin da za a koya kuwa ba nasu ba ne su zaɓa. Manhaja ce ta yanke, ni ma bi nake. A wannan zangon darasinmu shi ne canje-canjen da abubuwa ke yi: canjin da abu bai tashi daga yadda yake ba, kamar ƙanƙara ta narke ko ruwa ya zama tururi, da canjin da ke haifar da sabon abu, kamar itace ya zama toka. Wannan nakan koyar da shi a allo, da alli, da rubutu a littafi, yadda aka saba. Sai an gama wannan nake cewa: to, kowace ƙungiya ta nemo mini canji guda da take gani a gidansu, wanda ba ta san dalilinsa ba.

A nan ake yin tsit. Yarinyar da tun tana aji ɗaya na firamare ake ce mata kwafi, maimaita, yi shiru, ba za ta buɗe baki rana ɗaya ta ce ga abin da take son sani ba. Amsar da aka fi ba ni ita ce, “Malama, duk wanda kika zaɓa mana.” Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Rabi kunya ce, rabi kuma tsoron kada ta faɗi abin da za a yi mata dariya, don a tunaninta kimiyya abu ce da ke zaune a littafin Turanci, ba ta da haɗi da madafin gidansu. In ka kai yarinya Kantin Kwari ka ce ta ɗauki duk atamfar da take so, sai ta tsaya tana rarraba ido har a tashi kasuwa. In ka shimfiɗa mata biyar, nan take za ta nuna ɗaya. Shi ya sa nake rubuta 'yan tambayoyi a allo. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Me ya sa zoɓo ke canja launi in kanwa ta taɓa shi? Me ya sa ƙullun waina ke tashi? Me ya sa wuƙa ke tsatsa? A ƙasa kuma in ja layi in bar shi fayau, in ce na wadda ke da tata tambayar ne. Yawancinsu daga allon suke ɗauka, kuma ban ga laifin haka ba. Amma duk shekara ana samun biyu ko uku da ke zuwa su same ni bayan an tashi, murya ƙasa-ƙasa, da tambayar da ta fi nawa.

Ɗaya daga cikinsu yarinya ce da ke zama can baya jikin bango, wadda in dai darasin farko ne gyangyaɗi take. Mahaifiyarta awara take yi, ita ce mai kai markaɗe da asuba, ita ce kuma mai zaman suya a ƙofar gida bayan an taso Islamiyya. Ta ce, “Malama, me ya sa wata rana awarar Umma take kamawa da kyau, wata rana kuma ta yi ruwa, alhali waken ɗaya ne?” Na ce ta faɗa mini yadda ake yi tun daga farko. Sai ga bakin da ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu a aji ba yana zuba: a jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a ɗora madarar a wuta, in ta tafasa a zuba ruwan tsami, sai ta dunƙule ta taso, a kwashe a ƙyalle a ɗaure, a danne da dutse ruwan ya tsane, a yanka a soya. Na ce to a cikin duk waɗannan, wanne ne ke iya bambanta daga yau zuwa gobe? Ta yi shiru, can ta ce ruwan tsamin. Wani na jiya ne, wani ya kwana uku a kan gasara.

Ta riga ta gano bakin zaren. Furotin da ke cikin madarar waken yana dunƙulewa ne idan zafi ya dafa shi, asid kuma ya same shi. Ruwan tsami kuwa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke tsamar da shi, suna mayar da abin da ke cikin gero ko masara asid, kuma yana ƙara ƙarfi da kwana. Ban faɗa mata haka ba a ranar. Na ce ta nemo hanyar da za ta nuna mini cewa wannan ruwan ya fi wancan tsami, ba tare da ta ce “na ɗanɗana” ba.

Ƙungiyarta ta yi mako guda tana lalube. Mafita daga maƙwabtansu ta zo, 'yan ƙungiyar zoɓo. Su sun jiƙa zoɓo ba sukari, sun tsarma shi da ruwa, suna ɗiga masa abubuwa suna kallo: lemon tsami ya ƙara masa ja, ruwan kanwa ya mayar da shi kore-kore mai duhu, ruwan toka da na sabulu su ma haka. Abin da ya ba su mamaki shi ne, in suka matsa lemon tsami a kan wanda kanwa ta ɓata, sai jan ya dawo. Wata daga cikin 'yan awara tana leƙen su, sai ta ce, to ai mu ma ruwan tsaminmu zai dawo da shi. Suka jera kofuna, zoɓo daidai wa daida a kowanne, kanwa murfin gora ɗai-ɗai, sannan suka riƙa zuba ruwan tsami da murfi suna ƙirgawa har jan ya fara dawowa. Na kwana ɗaya sai an yi ta zubawa. Na kwana uku kaɗan ya isa. Wannan dabarar, ta auna ƙarfin asid da yawan abin da ke kashe kaifinsa, sai a babbar sakandare ake koyar da ita da bututun gilashi, kuma ana yawan kawo ta a jarrabawar gwaji ta WAEC. Su da murfin gora suka yi ta a bakin baranda.

Ba sumul abin ya tafi ba. Gwajinsu na biyu ya ƙi dacewa da na farko, har suka fara zargin juna da rashin iya ƙirga. Ashe ranar farko ungurnu suka jiƙa, rana ta biyu wata ta kawo jar kanwa daga gidansu, kuma ba a auna yawan da aka jiƙa ba. Dole suka koma suka jiƙa kanwa a gora ɗaya, suka yi duk gwaje-gwajen da ita. Da na tsaya a allo ina cewa a gwaji abu ɗaya ake canjawa a bar saura yadda suke, da sun rubuta sun haddace, ya tafi da iskar hutu. Rigimar kanwa ta koya musu shi, kuma har ƙarshen zango in wata ƙungiya na bayani, su ne masu ɗaga hannu su ce, to ruwan daidai kuka zuba?

Mahaifiyar kuwa, sharaɗinta ɗaya ne: kada a ɓata mata wake. Kofi guda na madara ta yarda a riƙa ɗiba daga tukunya. Da 'yar ta kai mata sakamako, sai ta aiko mini da awara a leda da saƙo: “Ki gai da Malama, ki ce mata wannan mu da harshe muke gane shi tun ba a haife ki ba.” Gaskiyarta. Ba mu koya wa Umma komai ba. Abin da ya canja shi ne 'yarta yanzu tana iya rubuta abin da harshen Umma ya sani, da lamba, yadda wanda bai taɓa ɗanɗana ruwan tsami ba zai karanta ya gane, ya kuma maimaita.

'Yan randa su matsalarsu ta kayan aiki ce. Wata ta ɗauko ma'aunin zafin jiki na gidansu, ba ta san irinsa daga wajen digiri 35 yake farawa ya tsaya a 42 ba, ruwan randa kuwa yana can ƙasa da haka. Sai da na sa hannu a takarda kafin a ba mu na kabad, ya riƙa kwana gida-gida cikin safa. Suka gano ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, shi ke tafiya da zafi. Wata ta ce in haka ne, a rufe jikin tulu da leda a gani. Aka rufe, sanyin ya ragu. A nan na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, ba wuta ba firji. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda wannan. Suka roƙi tsofaffin tukwane suka haɗa tasu, suka sa tumatir da alayyahu a ciki, wasu kuma a faranti a waje, suna dubawa kullum. Watan Maris ne, iska a bushe, zafi ya fara kankama, abin ya yi kyau sosai. Na tambaye su ko zai yi haka a watan Agusta. Wannan muhawarar ta cinye mana darasi guda, kuma ban yi da-na-sanin sa ba, don sai da suka kai kansu ga cewa in iska ta riga ta ƙoshi da laima, ruwa ba ya saurin bushewa.

Inda ƙa'idata ta fi shan gwaji shi ne wajen waɗanda suka zaɓi rini. Marinar Ƙofar Mata ba nisa gare mu, da ƙafa ma ana zuwa. Ana danganta kafuwarta da 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, a bar shi ya ruɓa a rami. Babu darasin canjin sinadari da ya kai tsayawa a bakin ramin nan: a tsamo ƙyalle yana kore-kore, a ɗaga shi a iska, kana kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi, a sake tsomawa. Iskar ce ke ƙarasa rinin. To amma 'yan mata ne, kuma iyayen biyu daga cikinsu suka ce ba inda za su. Ɗaya uban ma har makaranta ya zo. Ya ce, “Malama, karatu na turo ta, ban turo ta yawon karofi cikin maza ba.” Na ce, “Alhaji, ba za ta taka ko'ina ba sai da izininka, kuma makinta ba zai ragu ba.” Ban yi jayayya da shi ba, don 'yarsa ce, kuma in na ci gardamar yau, gobe yana iya cire ta gaba ɗaya.

Yadda suka warware shi ne, waɗanda aka hana su suka rubuta tambayoyin da za a yi wa marina. Waɗanda aka bari suka je ran Alhamis da yamma, tunda ba Islamiyya, yayan ɗayarsu ya raka su. Na gida kuma suka yi nasu rinin da kurkur a kan tsohon farin ƙyalle, suka ga yadda ruwan ɗorawarsa ke komawa ja in sabulu ko kanwa ta taɓa shi. Ranar bayani, wadda aka hana fita ita ta fi kowa iya bayanin abin da ke faruwa a ramin da ba ta gani ba, don ita ta yi ta titsiye waɗanda suka je da tambaya. Da zaɓin ya tsaya a kan “a je marina” kawai, da an bar ta a baya tun ranar farko.

Wani abokin aikina yana yawan cewa wannan duk tsarin Turawa ne, yaranmu ba su saba ba. Gaskiya ne cewa a littattafan koyon malanta ana jingina shi ga Amurka: William Kilpatrick, almajirin masanin ilimi John Dewey a Jami'ar Kolumbiya, ya yi rubutu a 1918 yana cewa yaro ya fi koyo idan aikin da ke gabansa yana da manufar da shi kansa ya sa a ransa. Amma ni a zauren unguwarmu na fara ganin ɗalibi da zaɓi. Mahaifina ya yi karatun zaure har tsufansa. Kowa da littafinsa yake zuwa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wancan Risala, kowa ya karanta nasa malam ya fassara, saura suna saurare. Mutum shi ke zaɓar malamin da zai je wa fiƙihu da wanda zai je wa nahawu, shi ke sanin yaushe zai ƙara da yaushe zai maimaita. Sai dai ba wanda ke farawa da Muhtasar, babban littafin fiƙihu. Akwai tsani, kowa ya san shi. Ajin boko mai mutum tamanin, kowa a shafi ɗaya a minti ɗaya, shi ne baƙo a garin nan, bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba tun da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909.

Masu sukar tsarin ma suna da hujja, kuma ina tare da su a rabi. Shi kansa Dewey daga baya ya soki malaman da suka ɗauka 'yancin yaro na nufin malami ya naɗe hannu. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka yi rubutun da ya yi tashe, suna cewa mai koyo sabon shiga ba ya amfana da a sake shi ya gano komai da kansa, sai an ja shi a hannu. Na ga haka da idona. Yarinyar da ba ta san bambancin narkewa da ƙonewa ba, in ka ce ta je ta bincika, wasa za ta yi da ruwa ta dawo. Shi ya sa allo ke zuwa kafin bincike, shi ya sa kuma ba kowane darasi nake yi wa haka ba. Sassan jikin ɗan'adam da alamomin sinadarai, waɗannan haddace su ake yi, ba wata kwana-kwana.

Maganar ƙungiya kuwa, ba na sakar musu gaba ɗaya. In na ce kowa ta zaɓi abokan aikinta, masu ƙoƙari za su dunƙule wuri ɗaya, 'yan unguwa ɗaya su ware, a bar wasu 'yan tsiraru da ba wanda ya kira. Kowa takan zaɓi ƙawa ɗaya, ni kuma in haɗa bibbiyun nan su zama shida ko takwas, ina duba kusancin gidaje don su iya haɗuwa ba tare da an tsallaka titi ba. Duk da haka ba a rasa 'yan rakiya. Maganinsu biyu ne a wurina. Kowace yarinya tana da nata littafin aiki, 'yan fallayen da aka cire daga tsakiyar tsohon littafi aka ɗinke, inda take rubuta kwanan wata da abin da aka yi da abin da ta gani, ko da gwajin ya ƙi. Sannan ranar bayani ba su ke zaɓar mai magana ba. Sunaye nake naɗewa a takarda in zuba a gwangwani, wadda aka zaro ita za ta tashi. Tun da suka gane haka, masu ƙoƙarin da kansu ke zaunar da sauran suna yi musu bita, don makin na kowa ne.

Yadda za su nuna aikin, wannan nasu ne. Wasu su yi gwajin a gaban aji, wasu zane a bayan kwalin taliya, wasu waƙa, wasu wasan kwaikwayo. Wasan kwaikwayo shi ya fi farin jini, shi ne kuma ya fi ɓoye rashin sani: a ɗaura ɗankwali a yi kishiya da uwargida, aji ya yi ta shewa, a tashi ba a ce komai a kan tsatsa ba. Ban hana ba, amma kowace ƙungiya, ko da me ta zo, sai ta amsa tambayoyi uku: me kuka canja, me kuka bari yadda yake, kuma wane irin canji ne wannan, da wace hujja? Bayani da Hausa ake yi, don ina son in ji tunaninsu ba haddarsu ba. Amma a littafin aiki sunayen abubuwa da Turanci suke rubutawa, tunda takardar jarrabawar aji uku ba da Hausa za ta zo ba. Makin kuma daga na gwajin cikin zango nake yankowa, ba na taɓa na jarrabawa, saboda haka ba wanda zai ce na sauya tsarin makaranta.

Kuɗin da ake biya shi ne lokaci. Darasi minti arba'in ne, kafin a nutsu goma sun tafi. Makonnin nan suna sa ni gudu a ƙarshen zango, wani babin sai dai in taƙaita shi, kuma duba littattafan aiki tamanin a gida ake yin sa, bayan an kwantar da yara. Ba zan ce muku sakamakon jarrabawarsu ya fi na sauran azuzuwa saboda wannan ba. Masu ci suna ci, masu faɗuwa ma akwai. Abin da zan iya shaida shi ne ranar bincike ba a cika fashi ba, kuma tambayar da ta shafi canjin abubuwa ba sa barin ta fayau a takarda. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ana ta maganar gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai. Duk muna so. In da za a tambaye ni, sai in ƙara da ma'aunin zafi goma da darasi mai ninki biyu sau ɗaya a mako.

Akwai kuma inda nake cewa a'a. 'Yan ajin bana sun dage sai sun yi bincike a kan ƙunshi, suna son sanin me ya sa baƙi ke kamawa nan da nan, jan lalle kuwa sai an zauna an jira. Tambaya ce mai kyau, amma gwajin da suka tsara a hannun junansu za su yi shi. Yawancin baƙin da ake zane da shi ba ganyen lalle ba ne zalla, ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, kuma akwai fatar da yake tayar wa ƙuraje har da ƙuna. Ba zan aika 'yar mutane gida da hannu a kumbure ba. Sun yi fushi, wata har ta ce, “Malama, ai ke kika ce mu zaɓa.” Na ce na faɗa, kuma tambayar tana nan taku, jikin da za a gwada a kai ne ban yarda ba. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan jan lalle kaɗai: wani a kwaɓa da ruwa, wani da lemon tsami, wani da ruwan shayi, wani a bar shi awa ɗaya, wani ya kwana. Launin lalle yana kama sinadarin da ke cikin fata da farce da gashi ne, kuma irinsa ne a gashin tsuntsu, don haka a kan farin gashin kaza za su gwada. Wata ta ce kawunta yana fige kaji a kasuwar Sabon Gari, za ta karɓo mana cikin leda ran Asabar, in an wanke an shanya mu fara ran Talata.